Littafin da aka buga da sunan yaro: adabi ne ko roƙo?

Mai Alƙalami: Salamu alaikum 'yan zaure, ku bar ni in huce. Jiya na dawo gida na tarar uwargida ta karɓi saƙo daga wata mai sayar da kaya a intanet, wai littafin labari ne da aka buga wa 'yarmu takanas. Sunanta a bango, sunanta a kowane shafi, har an zana yarinya mai kitso irin nata. Na zauna na karanta. Wallahi in ka cire sunan ba abin da ya rage: yarinya ta fita, ta gamu da zaki, zaki ya ce mata ke jaruma ce, ta koma gida. Kuɗin da aka biya kuwa sai ya cika leda da littattafan Hausa. Mu muna kwana muna rubutu ba mai saye. Ni dai na ce wannan ba adabi ba ne, roƙo ne aka yi wa bango mai sheƙi. Ka biya, a ambaci sunanka, ka ji daɗi.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. To Malam, yarinyar ta karanta ko ba ta karanta ba?

Mai Alƙalami: Ta karanta, da shi ma ta kwana ƙarƙashin filo. Amma ba nan gizo ke saƙa ba.

Maman 'Yan Biyu: Nan yake saƙa mana. Nawa biyun nan sai na yi ta fama kafin su buɗe littafi. Yaron da ya ga sunansa a takarda shi da kansa zai kawo maka ya ce a sake karanta masa. Kakata ma haka take mana, in ta fara ga ta nan ga ta nanku sai ta sa sunan wanda ya fi ƙiriniya a cikin tatsuniyar, nan take a yi tsit.

Ɗan Musawa: Dakata Hajiya. Malam Mai Alƙalami, me kake nufi da roƙo? Ka kawo shi ne a matsayin zagi? Kakana maroƙi ne, kuma da bakinsa aka san tarihin gidaje da yawa a garinmu. Ka janye.

Mai Alƙalami: Ban zagi kowa ba, ɗan'uwa. Misali na yi.

Ɗan Musawa: Misalin raini ne. Shata ya ambaci sunayen mutane a waƙa, sun ba shi kyauta, kuma jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu tun 1999, har gobe ana saurarensa. Kai wa ke karanta naka?

Bakano Na Asali: To ai ka kashe kanka da bakinka. Shata mawaƙi ne, ba maroƙi ba. Maroƙi daban, sanƙira daban, mawaƙi daban. Ku Katsinawa komai sai kun cakuɗa.

Ɗan Musawa: Bakano zai koya mini Shata? Ikon Allah.

Malamin Firamare: Jama'a, a dawo kan littafi. Abin nan ba yau aka fara ba. A Amurka tun 1979 kamfanin Bantam ya fara fitar da jerin Choose Your Own Adventure, inda marubuci ke ce wa mai karatu "kai", a ƙasan shafi a ba ka zaɓi: in za ka shiga kogo je shafi kaza, in za ka koma je shafi kaza. An sayar da sama da kwafi miliyan 250. Can ba a sa sunanka ba, amma kai ne ke tuƙa labarin. Irin littafin da ake sa suna kuwa, wani kamfani a Landan mai suna Lost My Name ya fitar da nasa a 2013, daga baya ya koma Wonderbly. Dabararsu ita ce yaro ya farka sunansa ya ɓace, ya bi halittu ɗaya bayan ɗaya kowa na ba shi harafi, har sunan ya cika. Kun ga a nan sunan ne ke gina labarin, labarin Hauwa ba zai zo daidai da na Zainab ba. Wanda aka sayar wa gidan Malam da alama ramuka kawai aka bari ana cusa suna. Laifin mai aikin ne, ba na dabarar ba.

Bakano Na Asali: Malam mun gode, amma ba a gama maganar Shata ba.

Anti Mai Kanti: Ni tambaya gare ni ga Mai Alƙalami. Ba kai ne kake rubuta "wannan shafin naki ne Hajiya wance" a saman kowane babi da kake sakewa a WhatsApp ba? Kuma waɗanda suka biya kuɗin karatu su ne ake ambata. In wancan roƙo ne, naka me sunansa?

Mai Alƙalami: Sadaukarwa ce wannan, Anti. Kuma kowa ya san ƙawarki ce ke sayar da littattafan nan.

Anti Mai Kanti: Sana'a take yi, ba sata ba. Ka biya ni bashin atamfar salla tukuna.

Ustazu: Ku ji tsoron Allah. Abin da ba wanda ya duba shi ne sunayen kansu. Yaro sunansa Abdullahi ko Abdurrahman, a buga shi sau talatin a littafin da zai ja a ƙasa, ya zuba wa miya, ƙarshe a ƙunsa ƙosai da shi. Wa zai ɗauki alhakin?

Maman 'Yan Biyu: Allah gafarta Malam, littafin makarantarsa ma ai da sunan a bango.

Ustazu: Sau ɗaya ne wannan, Hajiya.

Yaya Babba: Ni dariya ma abin ya ba ni. Ƙanwata ta sayo wa ɗanta na fari, aka zo karatu ta kasa, don ba ta faɗin sunansa, sunan surukinta ne. Duk inda sunan ya fito sai ta ce "Abba", yaron yana nuna mata da yatsa yana cewa Umma ba haka aka rubuta ba. Kuma injinsu bai san ƙ da ɗ ba, wata Balƙisu ta dawo da ɗan akwati a tsakiyar sunanta.

Ɗan Musawa: Duk wannan ba shi ba ne. Ya janye kalmar ko bai janye ba?

Bakano Na Asali: Kada ka janye, Malam. Kano na bayanka.

Mai Alƙalami: Ni Bazazzagi ne fa.

Shugaban Zaure: To, dare ya yi, bari in taƙaita. Na bi muhawarar daga farko, kuma abin da ya fito fili shi ne mafi yawan 'yan zaure sun yarda an ci mutuncin maroƙa ba gaira ba dalili, kuma Ɗan Musawa ya kawo hujjojin da ba wanda ya iya turewa. Maganar raba mawaƙi da maroƙi neman rigima ce irin ta mutanen wani gari da ba sai na faɗa ba. Batun littafi kuwa, kowa ya saya wa ɗansa abin da aljihunsa ya iya. Mai Alƙalami zai ba da haƙuri gobe da safe. Anti, maganar atamfa ku yi ta a gefe.

Bakano Na Asali: Mafi yawa? Mutum ɗaya ne fa. Shugaba, ba a Malumfashi aka haife ka ba?

Shugaban Zaure: Na rufe zaure sai bayan asuba.