Musayar Waƙa: Ɗan Ƙauye da Ƙofar Jami'a

Manomin Gero:
Sun ce JAMB sai dai a kwamfuta,
Mu ko garinmu ba a ja wuta ba.
Yaro ya kwan a tasha don ya zana,
Allon da bai taɓa danna shi ba.

Ɗan Fagge:
Haba Manomi, rage yawan kuka,
Tun 2015 ne, ba yau aka fara ba.
Dutsin-Ma da Kashere an kai jami'a,
Har ƙofar gida, ba ku gode ba.

Manomin Gero:
Ginin muna gani in mun wuce kasuwa,
Masu shiga cikinsa ba namu ne ba.
Kiredit biyar, har Turanci da Lissafi,
Malamin Lissafin ba a turo mana ba.
Kai da ka yi lesin a inuwar fanka,
Ko zangarniya ba ka taɓa yanka ba.

Gwaggon Yara: Allah ya ƙara basira, Manomi! Ka rufe masa baki.

Ɗan Fagge: Gwaggo, ke dai in ɗan garinku ne ko tari ya yi sai ki yi guɗa.

Malam Mai Aruli: Ku yi haƙuri in tsoma baki. Ɗan Fagge, ɗangonka na biyu ya karye, ba ya hawa karin Mutadarik, ba ya hawa karin Mutaƙarib. Wa ya ce maka ana cusa shekara a baiti? Shi kuma Manomi ya fara da huɗu ya koma shida. Amsa-amon "ba" ɗin nan ma na ragwaye ne.

Ɗan Fagge:
Malam ka zo da sikeli da mudu,
Kana awon waƙar da ba ka yi ba.

Malam Mai Aruli: Wannan ma na farkon ya fi na biyun tsawo.

Gwaggon Yara: To Malam, rera naka mu ji mana.

'Yar Rugar Yamma:
Kuna ta faɗan kari, ni ga nawa:
Na ci WAEC, Baba ya ce da nisa.
Kuɗin mota, kuɗin ɗaki a Zariya,
Buhu nawa za a kai kasuwa?
Bashin karatu na NELFUND sai wanda ya samu gurbi,
Wanda bai shiga ba, wa ya san da shi?

Malam Mai Aruli: 'Yata, babu amsa-amo ko ɗaya, amma na yafe.

Ɗan Fagge: Au, ita an yafe mata? Son kai ƙiri-ƙiri!

Manomin Gero: Afuwan, sai yau na samu sabis, na hau tudu.
Ɗan Fagge, kai da ka samu shigar,
Wata takwas ASUU ba ta koyar ba.
Ka zo kaka ka taya ni sussuka,
Digirin bai hana ka cin tuwo ba.

Malam Mai Aruli: Ga "ba" ɗin ta dawo.