Tallafin haɗa bayanan motar asibiti da na asibiti: asara ne ko ceton rai?

Akanta: Assalamu alaikum jama'a. Ra'ayina shi ne tallafin da ake bayarwa don a haɗa kwamfutar motar ɗaukar marasa lafiya da ta asibiti yawanci asarar kuɗi ne. A sayi na'urori, a biya kamfanin manhaja ya yi haɗin, sai wa'adin tallafin ya cika. Kuɗin lasisin manhajar na shekara-shekara kuwa yana nan. Asibiti ya ce ba nasa ba ne, masu motoci su ce babu shi a kasafinsu, haɗin ya mutu. Rediyo da bayanin baki a ƙofar sashen gaggawa sun wadatar.

Likita: Wa alaikumus salam. Malam Akanta, batun lasisi gaskiyarka ne, amma bayanin baki bai wadatar ba. Ɗauki mai shanyewar ɓarin jiki. Allurar narkar da gudan jini tana da iyaka, awa 4 da rabi daga lokacin ƙarshe da aka gan shi lafiya. Wa ya san wannan lokacin? Ma'aikacin motar da ya shiga gidan, ya tambayi iyali, ya ga kwalin warfarin, wato maganin tsinka jini, a gefen gado. Ya faɗa wa nas a tsaye, nas ta tafi kan wani majiyyacin, likitan da zai yanke hukunci ya zo bayan minti 20 bai ji komai ba. In aka yi wa mai shan maganin tsinka jini wannan allurar ba tare da an auna jininsa ba, jini na iya ɓalle masa a ƙwaƙwalwa. Haka mai toshewar jijiyar zuciya: in hoton ECG mai layi 12, wato gwajin bugun zuciya da na'ura, ya riga motar isowa, an kira masu buɗe jijiyar tun yana hanya, kuma minti 90 da ake so a buɗe ta a ciki ya zama abin da za a iya cimmawa.

Ma'aikacin mota: Likita, a ƙara da abin da ke komowa wajenmu. Tsarin SAFR na musayar bayanai tsakanin mota da asibiti, da aka yi a jihar Kalifoniya ta Amurka, mataki 4 ne: a nemo tarihin majiyyaci tun a wurin da aka same shi, a faɗakar da asibiti, a saka rahoton mota cikin fayil ɗinsa, sannan asibiti ya maido da sakamako. Na ƙarshen ne aka fi yin watsi da shi. Ma'aikacin da ya ɗauka asma ce alhali ruwa ne ya taru a huhu saboda zuciya, in ba a gaya masa ba, gobe ma haka zai yi. Sai dai a sani, cikakken rahoton ba ya kammaluwa sai bayan an miƙa majiyyaci, wani lokaci bayan awanni. Abin da ya kamata ya riga mota shi ne ɗan taƙaitacce: shekaru, ƙorafi, hawan jini, bugun zuciya, iskar oksijin, sukari, maganin da aka bayar da lokacinsa.

Injiniya: Duk kun tsallake inda abin ke lalacewa, wato gane cewa wanda ke mota shi ne mai wannan fayil ɗin. A Amurka rahoton mota yana bin ƙa'idar tsara bayanai mai suna NEMSIS, kwamfutar asibiti kuwa da wata ƙa'idar daban, HL7 ko FHIR, take magana, dole a sa manhajar fassara a tsakani, kuma duk sanda wani ɓangare ya sabunta manhajarsa sai an sake gwaji. Wannan ma mai sauƙi ne. Manhaja tana haɗa mutum da fayil ne ta suna, ranar haihuwa da jinsi. Wanda ya suma fa? Ko aka juya rana da wata? Sai a buɗe masa sabon fayil, ya zama yana da biyu. Mafi muni shi ne rahotonsa ya faɗa fayil ɗin wani, a rubuta wa mutum cewa babu maganin da jikinsa ke ƙi alhali penisilin na iya kashe shi. Gyaran ba shi da tsada: kafin ma'aikacin mota ya bar sashen gaggawa, ya ɗauki lambar abin hannun da asibiti ya ɗaura wa majiyyaci da na'urarsa. Rahotannin da suka ƙi haɗuwa da fayil kuma, sai an zaunar da mutum yana duba su kullum. A kuma daidaita agogon na'urori, don bambancin minti 5 yana rikita jerin lokutan magani.

Akanta: Injiniya, ai ka ƙarfafa mini gwiwa. Albashin wannan mai dubawar wa zai biya? Tushen matsalar ma tsohuwa ce. Dokar HITECH da Amurka ta yi a 2009 ta ba asibitoci da likitoci kuɗi su koma fayil na kwamfuta, ba ta sa masu motocin agaji a ciki ba. Tallafin yanzu faci ne kawai.

Jami'ar sirrin bayanai: Malam, faci ne, amma ba ya hana ɗinki. Abin da ke cinye watannin farko ba manhaja ba ce, tsoron lauyoyi ne. Dokar HIPAA, wato dokar sirrin bayanan lafiya ta Amurka, ta yarda a yi musayar bayani don jinya, ta kuma yarda a maido da sakamako don inganta aiki in duka ɓangarorin sun kula da majiyyacin. Duk da haka sai an rubuta yarjejeniya: wa ke gani, me zai gani, har yaushe. Kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa, a daina ta mota ɗaya da kowa ya sani. Na'urar da ta ɓata a iya goge ta daga nesa. Kada a saki ko sisi kafin a sa hannu a wannan.

Likita: Hajiya, na yarda. Ni zan ƙara sharaɗi biyu: asibiti ya rubuta tun ranar farko cewa zai ɗauki kuɗin lasisi bayan tallafi, kuma a auna nasara da yawan rahotannin da suka shiga fayil ɗin da ya dace kafin likita ya yanke hukunci, ba da yawan na'urorin da aka saya ba.

Akanta: Babban asibiti zai sa hannu, Likita. Ƙaramin asibitin karkara, wanda majiyyatansa suka fi kowa daɗewa a mota, shi ne ba zai iya ba. Nasa lasisin daga wane aljihu zai fito?