Na ba da kafin alƙalami a kan kwikwiyo, yanzu ina shakkar ubansa

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana biyu ke nan ba na barcin kirki. Ni ɗan kasuwar Mile 12 ne a Legas, albasa nake saukewa. Bara Allah Ya nufa na tare a gidan da na gina can cikin Ikorodu, bayan shekara 11 ina haya a Ketu. Unguwar sabuwa ce, kangwaye sun fi gidajen da ke da mutane yawa. Sau biyu aka haura mana. Na farko suka kwance injin jan ruwa, na biyu suka ɗauke batiran sola, kafin asuba, ni na riga na fita kasuwa, uwargida da yara uku suna ɗaki suna jin motsinsu. Tun ranar ba ta yarda ta leƙa tsakar gida sai gari ya waye. Na ɗauki maigadi, wata biyu ya ce zai je gida duba gona, har yau. Shi ne wani abokin ciniki ya ba ni shawarar kare, irin na Afirka ta Kudu da ake ce wa Boerboel.

Na samu mai kiwo a wajen Ajah, kwikwiyo bakwai, sati shida da haihuwa. Muka daidaita a dubu 700, na ba da dubu 250. Uwar na gan ta da idona, ƙatuwa, kai kamar turmi. Uban kuwa hoto aka nuna mini a waya, wai na wani ne a Ibadan, can aka kai ta barbara. Abin da ya tsaya mini a rai, biyu cikin 'ya'yan gashinsu ya fi tsawo, bakinsu kuma siriri. Nawa ba ya cikinsu, amma ai ciki ɗaya ne. Da na kawo maganar gwajin DNA, wato na tabbatar da asali, sai ya ce bai hana ba, amma da kuɗina, kuma in ban cika ran Asabar ba akwai mai jira. Yaya zan yi?

Alhaji na Apapa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, shekara 20 ina ajiye karnuka a garejin tireloli, ban taɓa yi wa ko ɗaya DNA ba, kuma ba a taɓa cire mini ko madubin mota ba. Kare da ido ake saye. Duba tafin ƙafarsa, in faffaɗa ne zai yi girma. Buɗe bakinsa, in ganɗarsa baƙa ce to asali ne. Ka ɗaga shi ta fatar wuya, in bai yi kuka ba ka biya kuɗinka ka tafi.

Maman Ilham:
Ni dai yaran nake ji. Maƙwabcinmu a Idi-Araba ya ajiye irin waɗannan manyan, ya tsinke sarƙa ya kama ɗana a cinya yana dawowa daga Islamiyya. Muka yi ta zaryar asibiti ana allurar haukan kare, mai karen ko sannu. Har yau yaron in ya ji haushi sai ya maƙale a jikina. Shekarun naka nawa-nawa?

Baban Sadiq:
Allah Ya ƙara masa lafiya Hajiya. Ai shi ya sa nake son ƙarami, ya tashi tare da su. Kuma na gina masa ɗaki a bayan gida.

Likitan dabbobi, Oko-Oba:
Malam, gwajin iri biyu ne, kada a haɗa maka su. Na tabbatar da iyaye, sai an goga ɗan tsinke mai auduga a cikin kumatun kwikwiyon, da na uwar, da na uban, a kwatanta. In babu uban a hannu, babu abin da za a tabbatar game da shi. Kuma ko ya fito daidai, ya nuna waye ya haife shi ne kawai, bai ce iyayen tsantsa ba ne. Na biyu shi ne na jinsi, irin na kamfanonin Embark da Wisdom Panel a Amurka, yana kwatanta karenka da samfuran da suka tara. Sai an aika, a jira makonni, kafin Asabar ba zai yiwu ba. Game da biyun nan masu gashi: karya tana iya ɗaukar ciki ɗaya daga maza biyu in an bar ta sake a kwanakin barbara, don haka kowane kwikwiyo gwajinsa daban. In za a goga, a raba shi da nono da 'yan uwansa na ɗan lokaci tukuna, kuma a gabanka. Baƙar ganɗa ba shaida ba ce, karnukan unguwa da yawa suna da ita. Sannan sati shida ya yi ƙanƙanta, a bar shi da uwarsa ya cika takwas. Ka ga katin rigakafinsa?

Alhaji na Apapa:
Likita, da girmamawa, ku a takarda kuka karanta, mu a hannunmu suka girma. Ɓarawo ba ya tambayar takardar kare kafin ya gudu. Ni in don ta ni ne ma ya bar dubu 250 ɗin, ya nemi 'yan kwikwiyon gida guda biyu, ya riƙa ba su ƙashi daga mahauta. Na waje nan cin kuɗi ne da su, zafin Legas kaɗai ya ishe su. Na taɓa sayen wani mai gashi, wata huɗu ina kunna masa fanka, kaska ta gama da shi.

Sani Mai Waya:
Kati kam a nema. Ni na sayi nawa a hannun wani a Instagram, ya rantse an yi allura. Kwana biyar ya fara amai da gudawar jini, aka ce cutar karnuka ce da ake kira parvo. Ruwa leda nawa aka ƙara masa, ya mutu a kan buhu a shagona. Na kira mutumin ya toshe lambata. Kuna da rubutacciyar yarjejeniya?

Baban Sadiq:
Babu, amma ta banki na tura, shaida na nan. Kuma mutumin ba irin waɗannan ba ne, gidansa na je, har ruwa ya ba ni. Kati ya ce likitansa ne ke riƙewa.

Malam Obalende:
Kafin asalin kare a duba hukuncinsa. Hadisi ya tabbata cewa mai ajiye kare ana rage masa lada kullum, in ban da na farauta, na kiwo da na gona. Malamai da dama sun shigar da tsaron gida in akwai larura, har an ruwaito mai Risala, Ibnu Abi Zaid, ya ajiye kare da katangarsa ta faɗi. Amma cinikinsa akwai saɓani mai ƙarfi. Ka zauna da malaminka, kuma kada ya shiga ɗaki.

Alhaji na Apapa:
To ka ji. Na gida kyauta ma ake bayarwa, ba ciniki ba saɓani. Na faɗa tun farko.

Likitan dabbobi, Oko-Oba:
Ka ce masa za ka je Ibadan ka ga uban da kanka, tafiyar yini ɗaya ce. In ya ce daga Afirka ta Kudu aka kawo shi, a nuna maka takardar rajistarsa, a karanta lambar da aka dasa masa a ƙarƙashin fata a ga ko sun dace. Amsar da zai ba ka ta isa ka gane.

Baban Sadiq:
Na gode ƙwarai. Alhaji, na gida ba zai yi ba, masu haura katangar nan ba yara ba ne, ina son wanda ganinsa kaɗai zai sa su canza shawara. Likita, na kira shi yanzu. Ya ce mai uban ya yi tafiya sai ƙarshen wata, amma ya turo mini bidiyonsa, kuma wallahi kan iri ɗaya ne da na kwikwiyona. Ya yarda ya riƙe mini zuwa sati takwas in na ƙara dubu 100. Yara sun riga sun ga hotonsa, har suna suka sa masa. In na ƙara ɗin, sannan na yi gwajin jinsin daga baya ya nuna ruwa biyu ne, akwai yadda zan karɓi kuɗina?

Maman Ilham:
Har yanzu ba ka faɗi shekarun yaran ba.