Neman kalma: me za mu kira PTSD a takardar horon 'yan kwana-kwana?

Mai Horo: Assalamu alaikum. Ana shirya takardar wayar da kai da Hausa domin 'yan kwana-kwana, jami'an kiyaye haɗurra, direbobin motar ɗaukar marasa lafiya da 'yan agaji, sai aka cije a kan kalmar PTSD, taƙaitaccen sunan wani ciwon ƙwaƙwalwa a Turance. Ga abin da ake nufi: ma'aikaci ya ciro gawa daga gobara ko rijiya, ko ya kwashi ƙonannu irin na fashewar tankar mai a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu, a yi wata da watanni abin bai sake shi ba. An kawo taɓin hankali, ciwon damuwa da ɗimuwa. Wanne za a ɗauka?

Likita: Wa alaikumus salam. Malam, a fara jefar da taɓin hankali. Kunnen Bahaushe hauka yake ji, kuma babu jami'in da zai sa hannu a takardar da ta kira shi haka. Ciwon damuwa kuma ya riga ya zama sunan wata cuta daban, mai kashe jiki da cire sha'awar komai. Sukan haɗu a jikin mutum ɗaya, amma ba a auna su da ma'auni ɗaya.

Shi PTSD ya shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 1980, kuma bugun 2013 ya kasa alamominsa gida huɗu. Abin ya riƙa dawo wa mutum, a mafarki ko ido biyu. Ya riƙa kauce wa wurin ko zancen. Tunaninsa ya juya, yana ɗora wa kansa laifi, yana janye jiki daga iyali. Sannan jiki ya ƙi kwanciya: zabura, saurin fushi, rashin barci. Sharaɗin da aka fi mantawa shi ne sai alamomin sun haura wata ɗaya, suna kuma hana aiki ko zaman gida.

Mai Fassara: Likita, to ɗimuwa ba ta ɗauke shi ba ke nan. Ɗimuwa ita ce mutum ya rasa gabas da yamma, kuma wannan a sa'o'in farko ake ganinta. Shawarata "ciwon firgicin bayan iftila'i". Ya yi tsawo, amma a baki zai koma "ciwon firgici".

Tsohon Ɗan Kwana-kwana: Firgici ɗan'uwan tsoro ne. Wanda aikinsa shiga wuta ne, ka ce masa yana da ciwon firgici, ai ka kira shi matsoraci a gaban yaransa. Shiru zai yi. Kuma da yawa ba zabura ke fara nunawa ba. Mutum ne zai riƙa neman a sauya masa aiki duk ranar da aka kira haɗarin mota, ko ƙaurin nama a wajen mai tsire ya tayar masa da zuciya, ko ya koma shan maganin barci da Tramadol. A gida kuma, wanda ke firgita cikin barci iska za a ce ta taɓa shi, a yi ta hayaƙi har ciwon ya yi nisa.

Malamar Jinya: Baba ya faɗi gaskiya. Ni "mikin zuci" nake gani. Miki rauni ne da bai warke ba, babu abin kunya a ciki, jarumi ma yana samunsa. Kuma ya zo da kalma ta biyu kyauta: fami. Jiniya, ƙauri, bi ta titin da abin ya faru, duk abin da ke tayar da ciwon fami ne. Ka ce wa ma'aikaci "me ke fama maka?" ba sai an yi masa bayani ba.

Mai Fassara: Hajiya, ba za a rikita shi da ciwon zuciya na hawan jini ba?

Malamar Jinya: Da "ciwo" aka ce, da an rikita. Ba a kai miki wajen likitan zuciya. Abin da za a guje wa shi ne "raunin zuciya", don wannan ragwanta yake nufi.

Likita: Na karɓi miki da fami, da sharaɗi ɗaya: kada a kira kowa mai miki tun daren farko. Rashin barci da rashin cin abinci a makonnin farko kaɗuwa ce, kuma yawancin mutane tana sakinsu da kanta. A wannan lokacin abin da ake bi shi ne taimakon farko na ƙwaƙwalwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011: duba, saurara, haɗa mutum da taimako. A ba shi ruwa, abinci, hutu, a bar shi ya kira gida.

Kuskure biyu ake yawan yi. Na farko, tara ayari a ɗaki ɗaya a tilasta wa kowa ya ba da labarin abin da ya gani dalla-dalla. Bincike bai nuna wannan zama na sau ɗaya yana hana ciwon ba, wasu ma yakan fama musu, shi ya sa hukumar ba ta goyon bayansa. Na biyu, miƙa Valium ko 'yan'uwansa. Yana kawo barci, ba ya warkar da komai, ga jaraba.

Idan wata ya cika, a yi amfani da PCL-5, takardar auna alamomin PTSD. Tambayoyi 20 ne, kowace maki 0 zuwa 4, jimla 80. Wanda ya kai 31 zuwa 33 ko ya haura a tura shi asibiti, kamar na Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato ko na ƙwaƙwalwa a Maiduguri. Takardar tacewa take yi, likita ne ke yanke hukunci. Magani na gaba-gaba zaman tattaunawa ne da ƙwararre a kan abin da ya faru, yawanci zama 8 zuwa 12. Wanda ya ambaci kashe kansa kuwa ba a jira masa wata, ranar za a kai shi, kuma ba a barinsa shi kaɗai.

Mai Horo: Madalla. Za a rubuta kaɗuwa ga watan farko, mikin zuci ga wanda ya zarce, fami ga abin da ke tayar da shi. A fom ɗin asibiti a bar PTSD a gefe don likita.

Tsohon Ɗan Kwana-kwana: A ƙara layi ɗaya: wanda zai cike takardar makin da ma'aikaci kada ya zama ogan da ke rubuta masa ƙarin girma. In shi ne, kowa sifili zai ci.