Yaya zan koya wa yara tarihin tafiye-tafiyen Turawa ta teku?

Malamar Aji Biyar:
Assalamu alaikum. Ina da darasi uku, kowanne minti 40, ga yara 'yan shekara 10 zuwa 11, kan tafiye-tafiyen Turawa ta teku da tasirinsu ga al'adun wasu ƙasashe. Ta ina zan fara, me kuma zan bari?

Mai Nazarin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Malama, tafiya uku ta ishe ki: Kolumbus da ya isa tsibiran Karebiyan na nahiyar Amurka a 1492, Basko da Gama da ya isa Kalikut ta Indiya a 1498, sai tafiyar Majelan da ta zagaya duniya daga 1519 zuwa 1522. In sunaye suka yi yawa, hadda kawai za su yi. Ki kafa taswirar duniya, ki ba su zare kala uku su bi hanyoyin da kansu. Amma ki fara da dalili: kirfa da kanumfari suna tsada a Turai, ana neman hanyar da ba ta bi ta hannun dillalai ba. Tafiyar Majelan tana kama hankalin yara sosai. Jirage 5 suka tashi da mutum kusan 270, jirgi ɗaya ya dawo da mutum 18, shi kansa an kashe shi a Filifin a 1521.

Mai Duba Makarantu:
Inda darasin kan lalace shi ne yara su ɗauka babu kowa a ƙasashen. Kafin jirgi ya iso a taswira, ki nuna musu mutanen wurin: Taino a tsibiran Karebiyan, Aztek a Meziko. Kada kuma a tsallake agana da ta hallaka jama'a birjik, da cinikin bayi, inda aka loda 'yan Afirka kimanin miliyan 12 a jirage. A faɗa a sarari, ba tare da hotuna masu firgitarwa ba.

Malamin Labarin Ƙasa:
Darasi na uku a yi shi da kaya a hannu. Tire biyu: masara, rogo, tumatir da gyaɗa sun fito daga nahiyar Amurka, alkama, rake da doki (a sa hotonsa a tiren) sun shiga can. Su yaran su rarraba kafin ki gyara musu. Sannan ki ja layin yarjejeniyar Tordesillas ta 1494, wadda ta raba ƙasashen ƙetare tsakanin Fotugal da Sifaniya, a taswira, ki tambaye su me ya sa Burazil ke magana da harshen Fotugal, yawancin maƙwabtanta kuma da Sifaniyanci.