Kwanbata 2x ko in haƙura in tara kuɗin dogon lensi? Tsuntsayen Dagona nake so in ɗauka

Ɗan_Bade:

Assalamu alaikum masu sana'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema kafin in kashe kuɗi. Kyamarata Nikon D5600 ce, ina da ɗan ƙaramin lensin da ta zo da shi 18-55 sai kuma AF-P 70-300mm f/4.5-6.3 mai VR (na'urar rage girgizar hannu). Aikina dai biki ne da suna da walimar sauka, su ke ba ni na cefane, amma tunda hunturu ya shigo nake leƙawa Dagona tunda ba nisa daga nan Gashuwa, kuma wallahi abin da ido ke gani a wurin nan na tsuntsaye ya isa a ce mutum ya ɗauko ya nuna wa duniya, ga ɗinya ga kirinjijiya ga zalɓe ga agwagin nan da suke zuwa daga Turai lokacin sanyi. Matsalar ita ce ko na ja lensin har ƙarshe 300 tsuntsun ɗan mitsitsi yake fitowa a tsakiyar hoto, in na matsa kuma duk su tashi.

Wani abokin sana'a ya ce in sayi telekwanbata 2x in saka tsakanin jikin kyamara da lensi shi ke nan 300 ɗina ya zama 600, kuma na duba kuɗinta bai kama ƙafar na dogon lensi ba. To shin gaskiya ne? In gaskiya ne me ya sa mutane ke sayen manyan lensin nan masu tsada? Sannan ina so abin da zan saya ya yi min amfani a hawan sallah ma. Na gode.

Tsohon_Situdiyo:

Wa alaikumus salam ƙanina. Lissafin abokinka daidai ne, 300 sau biyu 600, amma bai gaya maka sauran lissafin ba, kuma a nan matsalar take.

Da farko ma kwanbatar Nikon ta asali, ko TC-14E ko TC-20E, ba za ta hau kan wannan lensin naka ba. Gilashinta na gaba ya turo waje, an yi ta ne don manyan lensi masu rami a baya, naka ba ya cikin waɗanda kamfanin ya ce tana aiki da su. Sai dai ka nemi irin su Kenko da gilashinsu ke lotse a ciki, su kan hau lensi da yawa, to ko ta hau ɗin ga abin da za ka tarar.

Kwanbata ba ta ƙirƙiro komai, tsakiyar hoton da lensi ya kawo take ɗauka ta baje shi a kan sensa, wato farantin da ke ɗaukar hoto a cikin kyamara, shi ya sa haske ke raguwa. Mai 1.4x tana cinye rabin hasken, mai 2x kuwa kashi ɗaya cikin huɗu kawai take bar maka. Naka a 300 dama f/6.3 yake (lambar f ta ƙofar haske ce, in ta ƙaru ƙofar ta tsuke haske ya ragu), in ka sa 1.4x ya koma 420mm a wajen f/9, in ka sa 2x ya koma 600mm a wajen f/13. Hoton da kake ɗauka a ISO 400 yanzu (ISO shi ne ƙarfin jin hasken sensa) sai ka kai 1600 kafin ka samu gudun shota iri ɗaya, wato saurin buɗewa da rufewar kyamara lokacin ɗauka, kuma tsuntsu da sassafe ko da yamma ake samunsa lokacin da hasken ma dama bai wadata ba, sai ka ga hoto duk ya yi yashi-yashi. Wannan ɗaya ke nan. Babbar ita ce otofokas, wato yadda kyamara ke saita kaifin hoto da kanta. D5600 an yi ta ne ta kama fokas da lensin da ya kai f/5.6, tana jure 6.3 in akwai rana, amma a f/13 lensin zai yi ta gaba da baya yana nema bai samu ba, ka koma murɗawa da hannu kana leƙe cikin duhu, tsuntsu kuwa ba zai tsaya jiranka ba.

Sannan duk wani aibun lensi kwanbata ninka shi take yi. Kamar lasifika ce, in muryar ladan ta dashe ƙara dashewar za ta yi wa unguwa, ba za ta gyara ba. Irin 70-300 ɗin nan masu sauƙin kuɗi a ƙarshen zuƙowarsu suka fi laushi, nan ɗin kuma kake so ka ninka.

Gwada wannan kafin ka sayi komai. Kyamararka megafiksal 24 ce, 6000 a kwance 4000 a tsaye. In ka yanke hoton a kwamfuta ya zama kamar ka ɗauka da 420mm za a bar maka megafiksal 12, in ka yanke har ya zama kamar 600mm za a bar maka 6, wato 3000 da 2000, wanda ya ishi Facebook da Instagram har da ragi, ya kuma isa a wanke shi a matsakaiciyar takarda. Ba ka rasa haske ba, ba ka rasa fokas ba, ko sisi ba ka kashe ba. A ganina a kan wannan lensin yankewar za ta ba ka abin da kwanbata mai araha za ta ba ka ko ma fiye. Ka dinga ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ta gyara ba, don yankan ya yi kyau.

Maman_Fadila_Hoto:

Baba ka yi bayani Allah ya saka, amma kar a sa yaron nan ya ɗauka kwanbata kayan banza ce, ni da ita nake cin abinci. Ina da 70-200mm f/2.8, in za ni ɗaukar kwallon dawaki ko wasan ƙwallo sai in sa 1.4x ya zama 280mm f/4, fokas na nan da saurinsa kuma in ba an ƙura ido sosai ba ba a gane bambanci a hoton. Da 2x kuma 400mm f/5.6 yake zama, nan kam ana ganin ɗan laushi kuma fokas na rage sauri amma yana aiki. Amfaninta gare ni shi ne abu ne da ke shiga aljihun jaka, ba sai na ɗauko wani ƙaton lensi na biyu ina yawo da shi a rana ba. Sirrin dai lensin da za ta hau ya zama mai faɗin ƙofar haske ne tun asali, f/2.8 ko f/4.

Don haka ɗan'uwa in kwanbatar ce ta kwanta maka a rai akwai hanya. Nemi AF-S 300mm f/4 na hannu, tsohon samfurin mai harafin D, ka haɗa shi da TC-14E II sai ya ba ka 420mm f/5.6, kyamararka za ta kama fokas lafiya lau kuma kaifin hotonsa ya yi wa naka nisa. Ka kula, II na ce ba III ba, sabuwar ba ta aiki da wannan tsohon lensin. Ba shi da VR kuma, sai ka riƙe shota da sauri ko ka ɗora a kan sanda. Akwai sabonsa mai harafin PF da ya fito 2015, nauyinsa giram 755 kacal, shi yana da VR amma kuɗinsa daban ne.

Abin da zan roƙe ka kar ka saya shi ne gilashin nan da ake ɗaurawa a gaban lensi kamar filta an rubuta 2.2x a jiki, da dogayen nan masu kama da bututu da ake tallatawa a intanet 420-800mm da arha. Su masu kama da bututun ba su da otofokas kwata-kwata, ƙofar haskensu daga f/8 ta fara tana ƙara tsukewa, gefen hoto kuma duk launi ya zube.

Mai_Bin_Fadama:

Ni a ɓangaren Nguru nake yawan ɗauka, ruwa ɗaya ne da naku duk dausayin Haɗeja da Nguru ne, Sigma 150-600mm Contemporary nake riƙewa. Zan faɗa maka abin da ba a rubutawa a jikin kwali, a ƙasarmu iskar da ke tsakaninka da tsuntsun ita ce ke cin hoto fiye da lensi. Ranar da hazo ya sauka ko wane irin lensi ka ɗauko abin da ke nesa fari-fari zai fito ba launi ba kaifi, ƙurar da ke tsakani kake zuƙowa. Ranar da babu hazo kuma da hantsi ya ɗaga ƙasa ta ɗau zafi za ka ga iska na rawa a saman ruwa da yashi, a 600mm wannan rawar tana narkar da gashin tsuntsu gaba ɗaya, ka dawo gida kana zargin fokas alhali ba laifinsa. Shi ya sa dogon lensi amfaninsa ka cika hoto da tsuntsun da ke kusa, ba ka jawo wanda ke can ƙetaren fadama ba.

To ya ake kusantar? Ka je tun duhun asuba ka zauna kafin su fara kiwo, rana a bayanka, kaya masu launin ƙasa ba farar shadda ba, ka samu gindin kacalla ko wani ɗan kurmi ka lafe ka daina motsi. Tsuntsu mai tafiya a tsaye yake tsoro, wanda ya zauna shiru mantawa suke da shi, kirinjijiya da kansu za su iyo su matso har ka ji fito ɗin nan nasu a kunnenka. Ka yi magana da masunta ma, sun san inda kowane garke ke kwana, kuma tsuntsayen sun saba da kwalekwale, in kana zaune a ciki mai tuƙi ya bar shi yana tafiya a hankali za ka kai inda ƙafa ba ta kai ka. Dagona kuma wuri ne mai kariya a ƙarƙashin gandun Chad Basin, ka bi ta hannun ma'aikatan wurin, kar a tashi garke don neman hoton tashi, waɗansunsu Sahara suka ƙetaro kafin su iso nan.

A kyamarar ka sa AF-C, wato fokas mai bin abin da ke motsi, da ɗigon fokas guda ɗaya na tsakiya, in ka bar ta ta zaɓa da kanta kacallar da ke gaba za ta kama ta bar tsuntsun. Shota kar ta gaza 1/1000, mai tashi 1/2000. Da 300 ɗin da ke hannunka a haka za ka sha mamaki, kuma ka tuna a kan kyamarar DX mai ƙaramar sensa irin taka dama yana ba ka faɗin gani irin na 450mm a babbar sensa.

In kuɗi sun samu dai dogon lensin shi ne magana. Sigma ɗina ya kusa kilo 2, akwai Tamron 150-600 G2 shi ma kusan haka, da hannu ana iya ɗan lokaci amma kafaɗa na gaya maka, sanda mai ƙafa ɗaya ta zama dole.

Ɗan_Bade:

Kai Allah ya saka da alheri, na fasa 2x ɗin. Hajiya na gode da gargaɗin nan don wallahi bututun nan 420-800 yana cikin abin da nake ta kallo. Baba tambaya ɗaya, tunda ka ce kyamarata f/5.6 take so, Sigma ɗin nan da ƙarshensa 6.3 ne zai kama fokas kuwa? Kuma tsakaninsa da Nikon 200-500 wanne za ka ce in tara wa kuɗi? Sai maganar hawan sallah da ba a taɓa ba.

Tsohon_Situdiyo:

Zai kama, ai wanda ke hannunka ma 6.3 ne a ƙarshe kuma yana kamawa, sai dai in haske ya yi ƙasa yakan ɗan yi jinkiri. Ni in ni ne 200-500mm ɗin zan nema, f/5.6 ne tun daga farko har ƙarshe ba ya canzawa, VR ɗinsa na da kyau sosai, kuma yana aiki da D5600 ba matsala. Tun 2015 yake kasuwa, yanzu da mutane ke komawa kyamarori marasa madubi ana samun na hannu da yawa. Abin da za ka biya shi ne nauyi, kilo 2.3 ne da maɗaurinsa, ya fi Sigma, kuma ka rasa 100mm a ƙarshe wanda ɗan yanke hoto kaɗan zai cike. In Sigma ka samu da sauƙi mai lafiya kar ka ƙi shi, tazarar ba ta kai a bar arha ba. Shi 200-500 yana karɓar TC-14E III ya zama 700mm f/8, amma kar ka sa wannan a lissafinka yanzu, fokas a f/8 sai irin su D7500 a ɗigon tsakiya ko D500.

In za ka sayi na hannu ka je da kyamararka, kar ka yarda da hoton waya. Cire murfi gaba da baya ka haska tocila ta ciki, 'yar ƙura ba komai ba ce kowane lensin zuƙowa yana shaƙarta, abin gudu shi ne fumfuna mai kama da yanar gizo-gizo, an fi samunta a kayan da suka daɗe a wuri mai laima. Ka ja shi daga farko zuwa ƙarshe ka ji ko yana cijewa, ka kunna VR ka ga hoto ya tsaya a ido, ka ɗauki rubutun wani allo daga nesa a buɗe gaba ɗaya ka zuƙo a allon kyamara ka duba gefe da gefe.

Hawan sallah kuwa kar ka kai wannan ƙaton. Dawaki kusa suke wucewa, ga turmutsutsu ga ƙura, lokacin jafi kafin ka ɗaga 200mm doki ya cika hoto ya fita. 70-300 ɗinka shi ne daidai wurin, mara nauyi kuma fokas ɗin AF-P na da sauri, ka sa 1/1000 ko sama ka tsaya inda rana ke bayanka. Kuma kar ka canza lensi a filin, ƙurar nan kai tsaye sensa take shiga.

Mai_Bin_Fadama:

Ƙari kaɗan, baƙin tsuntsayen nan zuwa wajen Maris sun fara komawa, don haka bana da 300 ɗinka za ka yi, kar ka zauna jiran lensi lokaci ya wuce. In ka shigo Nguru ka yi min magana ta akwatin saƙo mu fita tare ka riƙe Sigma ɗin da hannunka ka ji nauyinsa, yana hawa kan kyamararka, sai ka zo da katinka ka tafi da hotunan ka duba a gida.