Neman shawara: takardar inshorar da nake da ita me take biya?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Corolla ta hannu, da ita nake zuwa aiki nake kuma kai yara makaranta a nan Kano. Lokacin sabunta takardu na ba wani mutum kuɗi ya haɗo min har da inshora ta naira 15,000. Makon jiya wani mai adaidaita sahu ya buge ni ta baya, bamba da fitila suka fashe. Da na kira lambar da ke jikin takardar sai aka ce wannan ba ta biyan gyaran motata. To me na saya ke nan? Na biyu, bara ruwa ya kayar da katangar maƙwabcina, shi ya sa nake tunanin yi wa gidana inshora, amma hankalina bai kwanta ba ta fuskar addini. Don Allah wanda ya sani ya taimaka min.

Ma'aikaciyar inshora, Kaduna:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya kiyaye gaba. Gaskiya suka faɗa maka. Ta 15,000 ɗin ita ce wadda doka ta wajabta wa kowane mai mota, kuma aikinta biyan ɓarnar da kai ka yi wa wani. Idan kai ne ka bugi motar mutum ko ka rushe masa shago, kamfanin zai biya shi har naira miliyan 3, diyyar rauni ko rasa rai kuma daban ake biyanta. Da can 5,000 ake biya, diyyar kuma ba ta wuce miliyan 1 ba, sai NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, ta ƙara duka biyun daga 1 ga Janairun 2023. Tunda kai aka buga, inshorar mai adaidaitar ce ya kamata ta gyara maka, in yana da ita.

Wadda za ta gyara taka ko da laifinka ne, ta biya in an sace ko ta ƙone, ita ce cikakkiyar inshora. Mafi ƙarancin kuɗinta kashi 5 cikin ɗari na darajar motar a shekara. Motar miliyan 6 ke nan za ka biya 300,000. Ita ma akwai wani ɗan kaso na farko da kai za ka ɗauka a kowane gyara, ka tambaya nawa ne kafin ka sa hannu.

Direba daga Zariya:
Yallaɓai, kafin komai ka duba ko takardar ma ta gaske ce. Da yawa masu zama a bakin ofis bugawa kawai suke yi su sa kuɗin a aljihu. Danna *565*11# a wayarka ka sa lambar motar, in tana cikin NIID, wato rumbun bayanan inshora na ƙasa, za ta fito. Tun Fabrairun 2025 'yan sanda suka matsa da binciken nan a hanya. Kuma in ka taɓa ɗaukar fasinja da ita don kuɗi, ka faɗa musu tun farko. Takardar motar gida ba ta biyan hatsarin motar haya.

Mai tambaya:
Na duba, ta fito, alhamdu lillah. Mai adaidaitar kam ko lasisi ba shi da shi, haƙuri kawai aka ba ni. Saura maganar gidan.

Ma'aikaciyar inshora, Kaduna:
A nan ne na fi so ka natsu. Inshorar gobara zalla ba ta biyan ambaliya. Sai an rubuta ambaliya da guguwa a cikin takardar ƙarara, kuma ka ce a nuna maka layin da idonka. Ka tambaya ko katanga da get suna ciki, domin wasu takardun ginin gidan kaɗai suke nufi. Duk wanda ya ga abin da ya faru a Maiduguri a Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ya san wannan layi ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Sai abin da ya fi cutar da mutane: rage darajar gida don kuɗin shekara ya yi sauƙi. A ce sake gina gidanka zai ci miliyan 40, kai kuma ka rubuta 20. In gobara ta yi ɓarnar miliyan 10, miliyan 5 za a ba ka, saboda rabin gidan ka yi wa inshora. Da yadda siminti da rodi suke tashi, lissafin shekara uku da suka wuce ya riga ya tsufa. Kuɗin fili ba ya ciki, na gini kawai za ka ƙiyasta. Kayan ɗaki kuma daban ake lissafa su, ka ɗauki hotunansu ka adana rasit a wani wuri da ba cikin gidan ba. Ɗan haya ma zai iya yi wa kayansa shi kaɗai, don ta mai gida ba ta shafe su ba.

Malamin Islamiyya, Gusau:
Ɗan uwa, damuwarka tana kan hanya. Abin da malamai da dama suka soka a inshorar da aka saba shi ne garari, wato rashin tabbas a cikin ciniki, da kuma juya kuɗin a harkar kuɗin ruwa. Saboda haka aka samar da takaful. Mahalarta suna zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar tabarru'i, wato taimakon duk wanda masifa ta faɗa wa a cikinsu, kamfanin kuma wakili ne mai karɓar ladan kula da asusun. In an biya masu asara aka samu rara, ana iya raba wa mahalarta. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Suna yin ta mota da ta gida duka. Ka tambaye su su wane ne malaman da ke sa musu ido, sannan ka kai wa malaminka takardar ya karanta.

Hajiya mai shago a Kwari:
Ɗana, ni abin da zan ƙara, in abu ya faru kada ka taɓa komai sai ka ɗauki hoto, ka sanar da kamfani a ranar, ka karɓi rahoton 'yan sanda ko na 'yan kwana-kwana. Kada ka kai wa bakanike ya kwance kafin mutuminsu ya zo ya gani. Kuɗin kuma ka tura asusun kamfanin da kanka, domin in bai shiga wurinsu ba babu abin da za su biya. In sun yi ta ja maka rai, NAICOM tana da sashen karɓar koke.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan sa magini ya ƙiyasta min kuɗin ginin a farashin yanzu, in je ofishin takaful da shi ranar Litinin. Hajiya, ku masu shago ta kayan ciki kawai kuke yi ko har da ginin?